Me Ya Sa Kai Yara Wuraren Wasa Ya Zama Sai Mai Hali?

Ranar 1 ga Oktoba 1971, da aka buɗe Walt Disney World, katafaren wurin wasa da shaƙatawa na kamfanin Disney, a kusa da Orlando ta jihar Florida a Amurka, dala uku da rabi babban mutum ya biya ya shiga. A 2025, shiga Magic Kingdom, wato filin wasa mafi farin jini a cikin guda huɗun da ke wurin, yana kamawa daga dala 139 zuwa 199 a yini guda, gwargwadon ranar da mutum ya zaɓa. Ko an lissafa faɗuwar darajar dala a tsawon waɗannan shekaru, waccan dala uku da rabi ba ta kai dala 30 ta yau ba. Don haka wanda ya ce ai komai ne ya yi tsada ya faɗi gaskiya, sai dai bai faɗe ta duka ba.

Amma a yi adalci tun daga farko. A wancan zamanin kuɗin shiga daban ne, kuɗin hawa kayan wasa daban. Tun a Disneyland ta California, wadda aka buɗe a 1955 da kuɗin shiga dala ɗaya, ana sayar da ɗan littafin tikiti mai haruffa, daga A na ƙananan wasanni, har aka kai ga E a 1959 don manyan. Sai a 1982 aka soke wannan tsari, aka koma biya ɗaya a ƙofa, ka hau abin da ka ga dama sau nawa ka ga dama. Wannan sauyi shi ya sa hutun irin waɗannan wurare ya shiga ran iyalai. Uba ya san abin da zai biya tun kafin ya bar gida. Da zarar an shiga, ɗan mai kuɗi da ɗan leburan kamfani layi ɗaya suke bi, rana ɗaya ke dukansu. Abin da ya faru a 'yan shekarun nan shi ne an warware wannan ƙullin a hankali, an koma sayar da abubuwa ɗai-ɗai kamar dā, amma kuɗin ƙofar bai sauko ba, hawa ma ya yi.

Misali mafi bayyana shi ne maganar layi. A 1999 Disney ta ƙirƙiro FastPass: ka karɓi takarda mai ɗauke da lokaci, ka tafi harkarka, idan lokacin ya yi ka dawo ka shiga ba tare da dogon jira ba. Kyauta ne, kowa yana da haƙƙi. Da annobar korona ta sa aka rufe wuraren a Maris 2020, tsarin ya tafi, kuma bai dawo ba. A ƙarshen 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 ga kowane mutum a kowace rana a Florida, dala 20 a California. Ba a daɗe ba farashin ya fara bin cunkoso, har ya haura dala 30 a ranakun hutu. A 2024 aka sauya masa suna zuwa Lightning Lane, aka kuma fito da wani babban mataki wanda a Magic Kingdom yakan kai dala 449 ga mutum ɗaya a yini, ban da kuɗin shiga. Haka motar da ke ɗauko baƙin otal-otal ɗin Disney daga filin jirgin saman Orlando kyauta, an dakatar da ita a farkon 2022. Abin hannun nan da ake ɗaurawa a buɗe ƙofar ɗaki a shiga fili da shi, wanda a dā ake ba baƙin otal kyauta, shi ma ya koma na sayarwa. Kowanne idan ka ɗauke shi shi kaɗai ba ya da yawa. Idan ka ninka shi sau mutum huɗu, ka sake ninkawa sau kwana biyar, a nan ne magidanci ke riƙe baki.

Ka dubi yadda abin yake a cikin layin kansa. Uba yana tsaye da 'yarsa mai shekara shida tun minti hamsin da suka wuce, rana ta take, rigarsa ta jiƙe, ruwan gorar ya ƙare. Igiya ce kawai ta raba su da wata hanya wadda mutane ke wucewa ta cikinta suna taɓa waya a jikin na'ura, fitila ta yi kore, su shige. Yarinyar ta ja hannunsa ta ce, “Baba, su me ya sa ba sa jira?” Ya laluba aljihu ya fito da waya. A daidai wannan lokacin ba lissafi yake yi ba, kunya da tausayi ne ke aiki. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi komai ciwo a sabon tsarin. An gano cewa iyayen da suka riga suka kashe dubban daloli suka zo ba za su yarda 'yan daloli kaɗan su ɓata wa yaro rana ba, sai aka kafa wurin karɓar kuɗi a daidai inda zuciyarsu ta fi rauni. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: kujerun jirgin wasa ba sa ƙaruwa don an sayar da hanyar sauri. Duk wanda aka shigar ta can, wani ne a layin talakawa aka ƙara wa jira.

To, me ya kawo haka? Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba haɗama kaɗai ba ce, ko da yake tana ciki.

Akwai gasa, kuma gasar tana cin kuɗi. Tun da Universal, babbar abokiyar gasar Disney, ta buɗe sashen Harry Potter a Orlando a 2010 jama'a suka yi mata ca, kamfanonin suka fahimci cewa lilo da majaujawa sun daina wadatarwa. Mutane suna son su shiga cikin duniyar da suka gani a fim, su taka titunanta, su ci abinci a shagunanta. Disney ta mayar da martani da sashen Star Wars a 2019, a California da Florida. Universal ta sake ɗaga ƙafa da sabon fili sukutum, Epic Universe, a Mayu 2025. A 2023 Disney ta sanar da cewa za ta zuba kimanin dala biliyan 60 cikin shekara goma a ɓangarenta na wuraren wasa da jiragen ruwa na yawon buɗe ido. Wannan kuɗi daga aljihun baƙi zai dawo. Albashin ma'aikata ma ya tashi: ƙungiyoyin ƙwadago sun cimma mafi ƙarancin dala 18 a awa a Disney World a 2023, da dala 24 a Disneyland a 2024. Wannan kam ba ni da ƙorafi a kansa. Wanda ya yini a tsaye cikin zafin Florida yana ɗaure wa yaran mutane bel ya cancanci abin da zai biya haya.

Sai dai babban dalilin ya fi wannan zurfi. Fili yana da iyaka, masu son zuwa kuma sun fi ƙarfinsa. Kamfanin da ya ga haka hanya biyu ce a gabansa: ya bar farashi ƙasa wurin ya cika maƙil kowa ya koma yana ƙorafi, ko ya ɗaga farashi ya samu mutane kaɗan waɗanda kowannensu ke kashe kuɗi da yawa. Sun zaɓi ta biyu. A 2015 tikitin Magic Kingdom ya haura dala 100 a karon farko. A 2016 aka raba shekara zuwa lokacin araha da matsakaici da na tsada. A 2018 aka koma kowace rana da nata farashin, irin yadda kamfanonin jirgin sama ke yi. A Disneyland, tikitin rana mafi tsada ya kai dala 206 a Oktoba 2024, alhali mafi araha yana nan a dala 104 tun 2019. Wannan ƙaramin adadin shi ake nunawa idan an ce sun tsawwala, amma ranakunsa sukan faɗo ne lokacin da yara ke aji, iyaye ke wurin aiki. Sannan ga wani nauyi da aka ɗora wa wuraren wasan: a shekarun da talabijin ta kebul ke ja da baya, harkar nuna finafinai ta intanet kuma tana cin kuɗi kafin ta fara kawo riba, ɓangaren nan ne ya riƙa samar da fiye da rabin ribar kamfanin Disney. Wato uban da ke cikin layi yana biyan har da abin da bai shafi jirgin da yake jira ba.

Shugabannin sun san igiyar ta ja. Bob Iger, da ya dawo shugabancin Disney a ƙarshen 2022, ya amsa a bainar jama'a a 2023 cewa wataƙila sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashin saboda ɗokin riba. A farkon 2023 ɗin aka soke kuɗin ajiye mota na dare da aka ƙaƙaba wa baƙin otal tun 2018. Otal ɗin Star Wars na musamman, inda kwana biyu ke cin kusan dala dubu shida ga iyali mai mutum huɗu, an buɗe shi a Maris 2022, an rufe a Satumba 2023. Ashe akwai inda mutane ke cewa a'a.

Kada kuma a ɗauka duk wuraren wasa haka suke. A Amurka kanta akwai filayen yanki irin na Six Flags da Cedar Fair, waɗanda suka haɗe a 2024, kuma nasu salon kusan kishiyar na Disney ne. Sukan sayar da tikitin shekara da araha, wani lokaci bai fi kuɗin shiga sau biyu ba, sannan su fanshe a kuɗin ajiye mota da abinci da hanyar sauri. A Turai akwai Efteling a ƙasar Holan da Europa-Park a Jamus, waɗanda ba su gaza a kyau da tsari ba, kuma kuɗin shigarsu bai kama ƙafar na Orlando ba. Tokyo Disneyland, da yake wani kamfanin Japan ne ke gudanar da ita bisa lasisi, tikitinta mafi tsada ya zama yen 10,900 a 2023, wanda da faɗuwar yen bai kai rabin na Amurka ba. Ba ina cewa kowa ya hau jirgi zuwa Japan ba ne, kuɗin jirgin zai cinye rarar. Ina nuna cewa abin da ake biya a Orlando ba shi ne ainihin kuɗin faranta wa yaro rai ba. Kuɗin suna ne da na cunkoso.

Yanzu maganar rage kashe kuɗi. Shawarwarin da aka fi yaɗawa ƙanana ne, su sayi rigar ruwa a waje, su zo da gora. Suna da amfani, amma ba su ne ke sauya lissafi ba. Kusan duk kuɗin hutun an riga an yanke shi tun a gida, a ranar da aka zaɓi lokaci da yawan kwanaki da masauki.

Lokaci shi ne gaba da komai. Ɗauki iyali mai mutum huɗu, iyaye biyu da yaro mai shekara 11 da yarinya mai 6. A Disney, daga shekara 10 kuɗin babba ake biya, daga 3 zuwa 9 kuma ragin 'yan daloli ne kawai, wanda bai kai uku ba ne ke shiga kyauta. Da farashin 2025, wannan iyali zai biya wajen dala 550 a rana mai araha, kusan 800 a makon Kirsimeti, kafin a ɗora harajin saye na kashi 6.5 cikin ɗari, domin a Amurka farashin da ke kan allo ba ya haɗe da haraji. Bambancin ya kusa dala 250 a yini ɗaya, a fili ɗaya, da kayan wasa iri ɗaya. Kuma abin ba a nan ya tsaya ba. Ranar da tikiti ya yi araha, otal ma ya yi araha, kujerar jirgin sama ma haka, layi kuma ya gajarta har mutum ba ya bukatar sayen hanyar sauri. Rangwame huɗu ke nan a shawara ɗaya. A Florida irin waɗannan ranaku sukan faɗo daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, da kuma tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa: Satumba tsakiyar lokacin guguwar teku ce, ga zafi mai gumi da ruwan la'asar kusan kullum, Janairu kuma lokaci ne da akan rufe wasu kayan wasa don gyara. Ga kuma makaranta. Ba zan ce kowa ya cire ɗansa daga aji don hutu ba. Amma wanda yaransa ba su kai shiga makaranta ba, ko hutun makarantarsu bai zo daidai da na Amurka ba, yana riƙe da dama babba a hannunsa.

Yawan kwanaki kuwa tarko ne mai kama da alheri. Tikitin kwana da yawa yana sauke kuɗin kowace rana, musamman bayan kwana na huɗu, har mutum ya ga ƙarin rana ɗaya kamar kyauta ce. Ba kyauta ba ce. Kowace ƙarin rana tana zuwa da daren otal, da abinci sau uku ga mutum huɗu, da kuɗin ajiye mota wanda ya kai dala 30 a filayen Disney World a 2024. Kamfanin ya san haka, shi ya sa ya sauƙaƙa tikitin. Yaro ƙarami kuma ƙarfinsa yana da iyaka. Bayan kwana biyu na tafiyar kilomitoci a ƙasa, abin da yake so shi ne a bar shi a tafkin wanka na otal. Kwana uku a fili da kwana ɗaya na hutawa a tsakani sukan fi kwana biyar a jere daɗi, kuma sun fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Haka ƙarin kuɗin da ake biya don a shiga fili biyu a rana ɗaya. Mai ƙananan yara da wuya ya ci moriyarsa, domin awa guda ko fiye takan tafi a hanya.

Masauki shi ne inda babu amsa ɗaya. Otal ɗin waje ya fi araha a fuska, gidan haya mai kicin kuma yana rage kuɗin abinci sosai, musamman idan iyalai biyu suka haɗa. Amma sai an lissafa da hayar mota da mai da kuɗin ajiyewa, da wani ɓoyayyen kuɗin hidima da otal-otal da yawa ke ƙarawa a kan kowane dare, da harajin ɗaki wanda a gundumar Orange, inda Orlando take, ya kai kashi 12.5 cikin ɗari. Otal ɗin cikin Disney yana ba da motar zuwa fili kyauta da damar shiga minti talatin kafin kowa. Universal kuma tana da manyan otal uku da ke haɗa wa baƙonsu hanyar sauri a tsofaffin filayenta biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta yadda ga iyali mai mutum huɗu ko biyar, dare ɗaya a otal mai tsada kan iya fin sayen hanyar saurin daban araha. Sai an zauna da biro da takarda, an tara jimillar kowane zaɓi har ƙasa.

Abinci da tsaraba su ne ke zubar da kuɗi ba a sani ba. Disney tana barin mutum ya shiga da guzurinsa muddin ba a cikin kwalba ba, kuma wuraren sayar da abincin gaggawa suna ba da kofin ruwan sanyi kyauta ga wanda ya tambaya. Universal ta fi tsanani, ƙananan abubuwan taɓawa da ruwa take bari. Karin kumallo a ɗaki, guzurin rana a jaka, sannan a ci abu ɗaya mai kyau a ciki don a ji an zo, wannan kaɗai yana raba kuɗin abinci kusan biyu. Game da tsaraba, ka lura cewa yawancin manyan kayan wasa ƙofar fitarsu a cikin shago take buɗewa, kuma kayan yara a daidai tsayin idonsu ake jera su. Na fi yarda da dabarar iyayen da ke ba kowane yaro adadinsa tun ranar farko, a ce masa wannan ne naka na duk tafiyar. Za ka ga yarinyar da ta saba nuna komai ta ɗauki 'yar tsana, ta juya ta duba farashi, ta yi shiru, ta mayar, ta ce sai ta ga na gobe tukuna.

Hanyar sauri fa, a saya ko a bari? Maganinta na asali sammako ne. Awa biyun farko bayan buɗe ƙofa sun fi awa biyar na tsakar rana albarka, haka ma awar ƙarshe kafin a rufe, lokacin da masu ƙananan yara suka watse. Idan ɗaya daga cikin yaran bai kai tsayin da ake bukata ba, akwai tsarin musaya kyauta: uwa ta hau uba ya riƙe yaro, sannan su canza ba tare da sake bin layi ba. In kuwa za a saya, a saya don rana ɗaya a fili mafi cunkoso, kuma a yanke shawarar tun a gida a sa ta cikin lissafi, kada a bari sai an shiga layi zuciya ta karye.

Akwai arahar da ya kamata a guje mata. A kan titunan Orlando akwai rumfunan da ke tallan tikiti da rabin kuɗi. Wasu sauran kwanakin tikitin wani ne, alhali a Disney World tikiti yana ɗaure da zanen yatsan wanda ya fara shiga da shi, don haka a ƙofa za a mayar da kai. Wasu kuma sharaɗinsu shi ne ka zauna sa'o'i ana matsa maka ka sayi hannun jari a gidan hutu, kuma mutane da yawa sun fito daga irin wannan zama da bashin shekaru a wuyansu. Rangwame na gaskiya yana wurin kamfanin kansa ko dillalan da ya amince da su, kuma yawanci kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna a duk maganar shi ne bashi. Iyaye da yawa suna ɗora hutun nan a kan katin bashi, wanda kuɗin ruwansa a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 'yan shekarun nan, saboda an cusa musu cewa yarinta tana wucewa, in ba a je yanzu ba an makara. Na fahimci wannan tsoro, ba na raina shi. Amma yaro mai shekara uku ba zai tuna yawancin abin da ya gani ba, kuma ba zai kai tsayin hawa manyan kayan ba. Wanda aka jira ya kai bakwai ko takwas, aka yi shekara biyu ana tara kuɗin, zai hau komai, zai iya tafiyar, zai kuma riƙe abin a ransa. A tsakanin nan, filin wasan yanki da ake zuwa da mota a dawo a kwana a gida yana nan, da tikitin shekararsa wanda sau da yawa bai kai kuɗin yini ɗaya a Magic Kingdom ba.